Raddi Ga Masu Halatta Maguɗin Dayis A Bayan Shamaki

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Bayan haka, akwai wata magana da ta yaɗu a tsakanin ma'abota wasan nan na labari da ake yi a kan tebur, wanda mafi shahararsa shi ne Dungeons & Dragons, har ta kai ga wasu suna koyar da ita ga sababbin shiga kamar wata hikima ta magabata. Maganar kuwa ita ce, wai jagoran wasa yana da haƙƙin ya jefa dayis a ɓoye, ya ga abin da ya fito, sa'annan ya faɗa wa 'yan wasa wani adadi daban idan yana ganin hakan zai fi ƙawata labari. Wasu suna kiran wannan tausayi, wasu kuma su ce gwaninta ce. Ni dai sunan da na san shi da shi a harshenmu shi ne maguɗi, kuma a kansa nake so in yi magana a yau, da yardar Allah, ba tare da kwana-kwana ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutane huɗu ko biyar ne suke zama a kewayen tebur, kowanne yana riƙe da jarumi guda wanda aka rubuta ƙarfinsa da wayonsa da kayan yaƙinsa a takarda. Mutum ɗaya kuma shi ne jagora: shi ke siffanta duniyar da suke ciki, shi ke magana da bakin sarakuna da 'yan fashi da dodanni, shi ne kuma alƙali idan an sami saɓani. Ɗan wasa zai ce jarumina zai tsallake wannan rami, ko zai lallashi mai gadin ƙofa. Idan abin yana iya yiwuwa yana kuma iya faskara, sai a jefa dayis, wato ƙwayar nan da muka sani a ludo, sai dai nasu iri-iri ne, akwai mai fuska 4, da 6, da 8, da 10, da 12, da kuma mai fuska 20 wanda shi ne uban tafiya. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a shekarar 1974, kamfanin Wizards of the Coast ya saye kamfanin TSR da ke buga shi a 1997, bugu na biyar ya fito a 2014, aka sake yi masa kwaskwarima a 2024. Jagoran kan kafa wani kwali mai ninki a gabansa domin ya kare takardunsa daga idon 'yan wasa. To, a bayan wannan shamaki ne ake aikata abin da nake magana a kai.

Na san mai karatu zai ce, Malam, ai tun kafin a zo maganar maguɗi, shi kansa dayis ɗin fa? Tambaya ce a muhallinta. Hadisan da suka zo da zargin wasan nardi suna nan a Sahihu Muslim da Muwaɗɗa Malik da Sunanu Abi Dawud, kuma jumhurin malamai sun tafi a kan haramcinsa ko da ba a sa kuɗi ba, wasu daga cikin Shafi'iyya suka tsaya a kan karhanci idan babu caca. Malaman wannan zamani kuma sun yi saɓani a kan ko hukuncin ya game duk wasan da aka sa dayis a cikinsa, ko ya taƙaita ga nardi da abin da ya yi kama da shi. Wanda ya riƙi fatawar hani ya tsaya a kanta, kuma ba a rufe masa ƙofa ba, domin tun 1991 Erick Wujcik ya fitar da Amber, wasa irin wannan da ba a jefa komai a cikinsa. Wannan rubutu ba fatawa ba ne. Magana ce a kan mutanen da suka riga suka zauna, suka yi ittifaƙi a tsakaninsu cewa abin da ya fito shi ne hukunci, sa'annan ɗayansu ya warware alkawarin a asirce. Gaskiya kuwa da cika alkawari ba takalma ba ne da za a tuɓe a bakin ƙofa don an shigo ɗakin wasa.

Abin da ya fi kusa da aikin dayis a wannan wasa, a cikin abubuwan da muka sani, shi ne ƙuri'a. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana yin ƙuri'a a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, kuma Alƙur'ani ya ambaci ƙuri'a a ƙissar Annabi Yunusa da ta renon Nana Maryamu. Allah Ya kiyashe ni da daidaita wasa da waɗannan al'amura masu girma. Na kawo su ne saboda hikimar da malamai suke ambatawa game da ƙuri'a, cewa tana cire hukunci daga hannun mai iko, ta wanke shi daga tuhumar son zuciya, ta kuma kwantar da hankalin wanda bai samu ba. To ka ƙaddara wani ya tara mutane ya yi musu ƙuri'a, ya leƙa tafin hannunsa shi kaɗai, ya ga sunan da ya fito bai yi masa ba, ya buɗe baki ya kira wani suna. A wurina wannan ya fi wanda ya zaɓa kai tsaye muni, domin mai zaɓa kai tsaye ya ɗauki nauyin zaɓinsa a gaban jama'a, shi kuwa wannan ya yi zaɓin, ya kuma jingina shi ga abin da ba shi da bakin da zai ƙaryata shi.

Ya kai ɗan'uwa, ka lura da rabon da aka yi a kan teburin nan. Jagora shi ke da duwatsu da koguna da birane da rundunoni, shi ke sanin abin da ke bayan kowace ƙofa. Ɗan wasa abu ɗaya tak ya mallaka, shi ne zaɓin jaruminsa. Kuma zaɓi ba ya amsa sunansa face idan natijar wannan hanya ta bambanta da ta waccan.

Bari in kawo misali. A ɗauka jarumai huɗu sun iso bakin kogon 'yan fashi da tsakar dare, ɗayansu ya riga ya ji rauni. 'Yan wasa suka tsaya suna shawara har minti 20: mu afka yanzu kafin a farga da mu, ko mu koma gari mu huta, alhali kafin mu dawo ana iya kashe ɗan kasuwar da aka kama? Ɗayansu ya lissafa cewa saransa yana buƙatar 10 ko sama a dayis mai fuska 20, wato kashi 55 cikin 100. Wani kuma tun a gari ya kashe zinare 10 ya sayi garkuwa, wadda a ƙa'idar bugu na biyar take ƙara maki 2 ga kariya, ma'ana ta rage yiwuwar a same shi da kashi 10 cikin 100. Suka yi gardama, suka yanke shawara, suka shiga zukatansu na bugawa. Alhali kuwa jagora tun kafin su zauna ya riga ya ƙudurta a ransa cewa yau ba wanda zai mutu. Ina amfanin shawarar minti 20? Ina amfanin garkuwar? Mai taka-tsantsan da mai gaggawa sun tashi da sakamako ɗaya, mai lissafi da wanda ke danna waya tun da aka fara ba su da bambanci. An bar su suna ta tufka, wani yana warwarewa ta bayan kwali, kuma suna yi masa godiya idan an tashi.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda masu kare maguɗi ba su cika son a ambata ba, kuma a ganina ta fi ta farko muni. Jagora ya kwana uku yana shirya wani ƙaton dodo domin ya zama ƙarshen labari. 'Yan wasa suka yi dabara, suka yi leƙen asiri, suka gano rauninsa, suka haɗa masa tarko, suka kashe abin da suka daɗe suna tarawa, dayis kuma ya ba su haɗin kai, ga dodo zai faɗi a zagaye na biyu. Sai ran jagora ya sosu, ya ce a zuciyarsa ai wannan ya yi sauri, ya ɗauki fensir ya ƙara wa dodon maki 60 na rai ba wanda ya gani. Ina tausayin a nan? Wannan hukunta mutane ne saboda sun yi tunani. Darasin da suke koya, ko sun sani ko ba su sani ba, shi ne dabara ba ta da rana, faɗa zai ɗauki tsawon da jagora ya so ko ka yi wayo ko ka yi wauta. Daga nan sai a ji jagoran yana kukan cewa 'yan wasansa ba sa tunani, sara kawai suka iya. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Babbar hujjarsu ita ce littafi ya yarda. Kuma gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Gygax da kansa, a littafin jagora na 1979, ya ba jagora damar ya ture hukuncin dayis idan akwai abin da yake so ya faru, kuma littafin jagora na 2014 ya ambaci cewa jefawa a bayan shamaki tana ba da damar sauya sakamako. Sai dai ina da tambaya. Izinin wa ake buƙata a nan, na marubucin da bai san ka ba, ko na mutanen huɗu da suka bar harkokinsu suka ba ka awa huɗu na rayuwarsu? Izini ne da aka rubuta a littafin da aka tanada domin jagora, game da haƙƙin waɗansu mutane da ba a tambaye su ba. Sa'annan shi Gygax ɗin da ake fakewa da shi bai saki abin sakaka ba: a wannan wuri dai ya ware jifar da ake yi domin dawo da jarumi daga mutuwa ya ce ita kam ba a taɓa ta, saboda tsoron kada wasa ya zama lami idan mutuwa ta daina zama mutuwa. Kuma shi ne ya rubuta Tomb of Horrors, wanda aka buga a 1978, kabarin da ya shahara da lamushe jarumai ba sani ba sabo. Masu kafa hujja da shi rabin maganarsa suke ɗauka su bar rabi.

Ga kuma ma'aunin da ban ga wanda ya tsallake shi ba. Duk mai koyar da maguɗi sai ka ji ya haɗa da nasiha guda: ka yi, amma kada ka kuskura ka bari su sani. Subhanallah! Idan abin nan alheri ne gare su, me ya sa saninsa zai ɓata musu rai? Ai wannan nasihar da kanta iƙirari ce cewa da an tambaye su ba za su yarda ba. Abin da kake yi wa mutum, wanda ka tabbata zai ƙi idan ya sani, kake kuma ɓoye masa domin kada ya ƙi, ba sai an je makaranta ba kafin a san sunansa. Idan kuwa ka ce a'a, mutanena za su yarda, to falillahil hamdu, ka tambaye su a daren farko. In sun ce mun yarda ka gyara inda ka ga dama, shi ke nan, bakina ya mutu, domin sun sayi rariya sun san za ta zubar da ruwa. Rigimata da wanda bai tambaya ba ce.

Sai su ce, ai labari ne gaba da komai, dayis bawa ne, labari ne sarki. To labarin wa? Idan kai kaɗai ka san yadda ya kamata ya ƙare, ka ɗauki alƙalami ka rubuta littafi, za mu saya mu karanta. Abin da ya bambanta wannan wasa da tatsuniya shi ne babu wanda ya san ƙarshensa, har shi mai ba da labarin. Kuma sau da yawa abin da jagora yake gudu shi ne abin da zai raya labarin. Masu bibiyar shirin Critical Role, wanda Matthew Mercer ya fara jagoranta a 2015 a gaban dubban masu kallo, sun san abin da ya faru a 2018: jarumin Taliesin Jaffe mai suna Mollymauk, wanda masu kallo suke matuƙar ƙauna, ya mutu a wani faɗa a kan hanya a kashi na 26, tun tafiya ba ta yi nisa ba. Da ma'aunin masu maguɗi za a bi, wannan ita ce ainihin mutuwar da ya kamata a share, ba ta zo a ƙololuwar labari ba, ba ta zo a hannun babban maƙiyi ba. Amma aka bar ta ta tabbata, kuma wannan mutuwa ce ta zama igiyar da ta ja labarin har zuwa ƙarshensa a 2021.

Hujjar da na fi girmamawa ita ce ta tausayi ga sabon shiga, domin matsalar da take nunawa gaskiya ce. Labarin Lost Mine of Phandelver, wanda aka sa a akwatin masu koyo na 2014, ya yi suna wajen wannan. A farkonsa akwai wani shugaban dodanni mai suna Klarg, wanda idan dayis ɗinsa ya faɗa a 20 yake jefa dayis huɗu masu fuska 8 ya ƙara 2, matsakaicin abin da ke fitowa 20 ke nan. Jarumi mai rauni a matakin farko yana iya kasancewa da maki 8 kacal, kuma ƙa'ida ta ce idan abin da ya ragu na bugu bayan ya faɗi ya kai yawan makinsa gaba ɗaya, ya mutu nan take. Yarinyar da ta kwashe yamma guda tana zana jarumarta, tana raɗa mata suna, sai ta rasa ta a awa ta farko ba tare da ta yi kuskuren komai ba. Wa zai ga haka zuciyarsa ba ta motsa ba?

Sai dai maganin wannan yana nan a fili, ba ya buƙatar ƙarya. Jagora yana iya ɗaga kwalinsa ya ce, jama'a, ga abin da ya fito, amma wannan daren farko ne, ina ganin a bar ta a sume, me kuka ce? Yana iya yin sharaɗi da su tun farko cewa babu mutuwa kafin mataki na uku, ko babu mutuwa sai da yardar mai jarumi. Yana iya sa maƙiya su kama fursuna maimakon kisa, kuma shi kansa wancan labarin ya tanadi haka a kwanton ɓaunar farko, inda ya ce idan an rinjayi jarumai a bar su a sume a kwashe kayansu. Ƙa'idar ma ta riga ta yi sassauci, domin jarumin da ya faɗi ba tare da mutuwa nan take ba yana jefa dayis ne har ya tara nasara uku ko faɗuwa uku, kuma ko ba wanda ya taimake shi yiwuwar tsirarsa ta kusa kashi 60 cikin 100. Duk waɗannan hanyoyi jagora ya yi amfani da ikonsa ne ido na ganin ido. Me ya sa za a bar su a zaɓi wadda sai an yi ƙarya?

Amma maganar ai ba za su gane ba, wannan yaudarar kai ce. Mutanen da suke zama da kai mako-mako suna lura da cewa duk sa'ad da makin wani ya yi ƙasa sai dodanni su fara kuskure, suna lura da ɗan jinkirin nan da kake yi kafin ka faɗi adadi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kuma ranar da suka gane, ɓarnar ba ta tsayawa a wannan dare, tana komawa baya ta cinye duk abin da ya gabata. Nasarar da suka yi da guminsu wata uku da suka wuce, wadda wataƙila ba ka taɓa ta ba ko kaɗan, ita ma ta shiga tuhuma, kuma ba ka da wata hanya ta wanke ta.

Kada a fahimce ni a karkace. Ɓoye jifa daban, sauya ta daban. Idan jarumi yana neman tarko a ƙofa, ɗan wasa ya ga ya jefa 3, aka ce masa ba ka ga komai ba, to ya san akwai abin da ya tsere masa. Saboda haka wasan Pathfinder bugu na biyu, na 2019, ya ware wasu jifofi ya ce jagora ne zai yi su a asirce. Wannan ƙa'ida ce da kowa ya karanta ya yarda da ita, kuma amana ce a hannun jagora. Wanda aka ba ajiya a rufe ai ba a ba shi izinin ci ba.

Idan ka bi diddigin maguɗi za ka tarar galibi kuskure ne da aka yi tun kafin dayis ya bar hannu. Jagora ya nemi a jefa a inda ba zai iya ɗaukar faɗuwa ba. Ya ajiye wasiƙar da labari duka ya rataya a kanta a cikin akwati, ya ce a jefa a gani ko za a same ta, aka faɗi, ya rasa yadda zai yi, sai ya murɗe. Ko kuma ya sa a yi ta maimaita jifa a kan abu ɗaya: mai saɗaɗawa da yake da kashi 70 cikin 100 na nasara, idan ka sa ya jefa sau biyar a jere a zaure ɗaya, damarsa ta wucewa lafiya ba ta kai kashi 17 ba. Ka riga ka yanke masa faɗuwa, dayis shaidar zur kawai ka kira. Masu tsara wasanni sun daɗe da ganin wannan. Vincent Baker a Dogs in the Vineyard, 2004, ya kafa ƙa'idar cewa jagora ko dai ya amince da abin da ɗan wasa ya nema, ko kuwa a jefa idan akwai abin da ake jayayya a kai. Luke Crane a Burning Wheel ya ce jifa ɗaya tana nan daram har sai yanayi ya sauya. Robin Laws a tsarin GUMSHOE, 2006, ya cire jifa kwata-kwata daga kan alamomin da bincike ba ya tafiya sai da su. A Apocalypse World kuwa, 2010, jagora ba ya riƙe dayis sam: ɗan wasa ne ke jefa biyu masu fuska 6, 10 ko sama nasara ce, 7 zuwa 9 nasara ce mai tsada, 6 ko ƙasa kuwa jagora ya faɗi abin da ya biyo baya. Sai Blades in the Dark na John Harper, 2017, inda ake bayyana wa ɗan wasa girman hatsari kafin ya jefa, kuma idan musiba ta faɗo yana da ikon ya tare ta ya biya da wahalar jaruminsa. Ka ga an ɗauke fensirin gyara daga bayan kwali an damƙa shi ga mai jarumi.

Maguɗi yana da ƙane wanda ba ya buƙatar dayis. Shi ne a ce wa 'yan wasa ga hanyar daji ga hanyar dutse ku zaɓa, alhali dodo ɗaya ne aka tanada, duk inda suka bi a can za a ajiye shi. Ma'abota wasan suna kiran irin wannan ɗora mutane a kan layin dogo, kuma labaran Dragonlance da aka fara fitarwa a 1984 sun sha suka a kansa, domin har ƙa'ida suka zo da ita cewa wasu muhimman mutane idan sun mutu a ɓatar da gawar domin a dawo da su daga baya. Aƙalla su sun rubuta abinsu a takarda.

Kada 'yan wasa su ɗauka na wanke su. Ladubban jifa a kansu suka fi yawa, kuma wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai jefawa tun ba a nema ba. Ya jefa shiru a gefen takardarsa, idan ya ga 18 ya ɗaga murya ya ce na binciki ɗakin na sami 18, idan ya ga 4 ya ce a'a ina gwada hannu ne. Wannan ɗan'uwan jagora mai maguɗi ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ka faɗi abin da jaruminka zai yi, ka saurara a ce maka jefa, ka jefa a tsakiyar tebur, ka bar shi a kwance har wani ya gani kafin ka sure. Dayis ɗin da ya faɗi ƙasa ko ya jingina da littafi ya tsaya a karkace, a yi masa hukunci ɗaya tun daren farko, ko a riƙa sakewa kullum ko a riƙa karɓa kullum, domin mai sakewa idan ya ga 2 ya kuma karɓa idan ya ga 19 kowa ya san abin da yake yi. Wannan cuta ba sabuwa ba ce: an tono wata 'yar hasumiyar tagulla ta Rumawa ta ƙarni na 4 a ƙasar Jamus, wadda ake zuba dayis ta sama ya gangaro ta ƙasa domin kada hannu ya yi dabara, kuma har yau ana sayar da irinta.

Amma camfe-camfen nan na cewa wannan dayis yana fushi da ni, a kulle shi a akwati, ko kada wani ya taɓa nawa ya kwashe mini sa'a, idan raha ce to raha ce, idan kuwa har cikin zuciya ne, Musulmi ya san matsayin camfi a addininsa. Lissafi ma ya isa ya warkar da shi: a cikin jifa 20 na dayis mai fuska 20, yiwuwar 1 ya fito aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 64 cikin 100, kuma mai kashi 55 na nasara zai faɗi sau uku a jere kusan sau ɗaya a cikin 11. Rashin taɓa kayan mutum sai da izininsa kuwa ladabi ne ko babu camfi.

Akwai kuma wanda zai juya ga abokin wasansa ya ce na jefa 20 a lallashi, saboda haka dole jaruminka ya yarda da ni ya ba ni takobinsa. A'a. Dayis yana hukunci a kan mai gadin ƙofa da ɗan kasuwa, waɗanda suke hannun jagora. Abin da jarumin wani zai gaskata ko zai so, mai shi ne kaɗai ke faɗa, domin idan aka ƙwace masa wannan an ƙwace abu ɗayan da ya zo da shi.

Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta tura tebura da yawa zuwa intanet, mutane suka koma dandali irin su Roll20, inda na'ura ke jefawa ta rubuta sakamako kowa yana gani. Wannan ya toshe ƙofar ɗan wasa mai gwada hannu, amma bai toshe ta jagora ba, domin dandalin ya bar masa hanyar jefawa a asirce, kuma makin dodo yana nan a hannunsa ya ƙara ko ya rage. Saboda haka duk wanda zai zauna a sabon tebur, na katako ne ko na kwamfuta, ya yi wa jagora tambaya tun kafin ya fara zana jarumi: idan ka jefa a ɓoye, abin da ka gani kake faɗa? Makin dodo da ka rubuta kafin faɗa, shi ne har a gama? Idan ya ce e, ka riƙe shi da maganarsa. Idan ya ce wani lokaci nakan gyara, ka gode masa da ya faɗi gaskiya, sa'annan ka duba ko irin wasan da kake so ke nan. Idan kuwa ya yi murmushi ya ce wannan sirrin jagora ne, to ka sami amsarka.